Haƙori Ɗaya

Tun daga Kasuwar Barci nake tura shi,
akwatin burodi a baya, zufa har cikin takalmi.
Na buga kik har ƙwaurina ya ƙage.
Ya yi tari sau biyu, ya yi shiru,
irin shirun wanda aka biyo bashi.

A Panteka na tarar da Ishaya kan tsohuwar taya,
yana cin rogo da ƙuli, bai ko ɗago ba.
Ya ce, "Buga in ji."
Na buga.
Ya karkata kunne kamar mai satar jin zancen maƙwabta.

Yaronsa Tanimu ya riga ya yanke hukunci: fulogi ne.
Aka kwance fulogi, aka kanga shi jikin injin,
sai ga wuta shuɗiya, tsat, tsat, lafiyarta lau.
To, mai ne.
Aka zare tiyo, fetur ya tsiyayo kan yatsunsa.
To, kafireta ce.
Ya wanke, ya hure, ya mayar, yana fito.
Na sake bugawa, kik ya dawo ya daki dunduniyata,
na zagi uwar ƙarfe a gaban mutane.

Sannan Ishaya ya karkaɗe hannu ya tashi.
"Ga wuta, ga mai, ga iska," in ji shi,
"babu wanda bai zo ba.
Haɗuwa ce ba su yi ba."

Ya buɗe ɗan murfin maganeto,
ya juya sifana a hankali, ido ɗaya a rufe,
har layi ya zo daidai da layi.
Ya buɗe na sama. Ya kira ni da yatsa.
Alamar da ya kamata ta tsaya a saiti
ta gota, ba da yawa ba,
faɗin ƙwayar gero biyu.
Sarƙar taimin ta saki kamar tsohuwar zariya,
ta tsallake haƙori ɗaya.

"Bawul na rufe ƙofa bayan baƙo ya wuce.
Ana kunna fitila a ɗakin da ba kowa.
Yaushe ta fara ƙara?"
Na ce, tun ƙaramar salla.
"Ka ji ta?"
Na ji ta.
Kullum da asuba, kacau-kacau, ƙarƙashin gwiwata,
kullum ina cewa in an kwana biyu.

Ban gaya masa ba,
amma bara war haka yayana Mamuda ya kira ni sau uku,
na ce bari in sauke wa masu shayin Rigasa tukuna.
Ina da mai ran nan. Ina da mashin. Hanya a buɗe take.
Na isa asibiti da lemo a leda,
na tarar ana goge katifa.

Tanimu ya dawo daga shago da sabuwar sarƙa.
Ishaya ya ɗora ta, ya ƙirga haƙora da farce,
ya juya injin sau biyu, ya sake dubawa,
don bai yarda da idonsa na farko ba.
Bugu ɗaya.
Salansa ta amsa, kaji suka watse daga ƙarƙashin benci.

Muka yi ciniki, na kasa cikawa,
ya karɓi burodi biyu a kan ragowar,
ya matsa ɗaya da babban yatsa, ya ce ya huce.

Rana ta take tsaka na isa wurin Sallau mai shayi.
Ya kife kofuna, yana kankare tukunya.
Ya ce wani yaro ya kawo masa tun bakwai.
Ban kashe mashin ba.
Na tsaya a kansa ina sauraron injin,
ko zan ji wani abu da ya fara ƙara.